Haddar Taku Ashirin Da Ta Kai Ni Ƙasa

Da dara na fara, kamar sauran yaran unguwarmu a Zariya. Rami talatin a ƙasa, ni da tsinke goma sha biyu, abokin karawata da tsakuwa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan wani. Ces kuwa ban taɓa ganinsa ba sai a aji huɗu na sakandare, wurin wani malaminmu na lissafi da yake ajiye allonsa a ƙarƙashin tebur. A bakinsa na ji sunayen da har yau da su nake koyarwa: sarki, sarauniya, doki, giwa, ruk da soja. Giwa ita ce mai tafiya a karkace, ya ce haka Larabawa suke kiranta, su da suke ce wa wasan shaɗaranji. Shi ya koya mini rubuta wasa. Layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8, kowane gida da sunansa. N doki ne, B giwa, R ruk, Q sarauniya, K sarki. Soja ba shi da harafi, sunan gidan da ya taka kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin an ci ɗa, alamar + an tsare sarki, wato an kai masa hari, O-O kuma an shigar da sarki lungu. Ɗigo uku bayan lamba, kamar 5...Nxd5, suna nufin takun mai baƙi ne. Na kawo wannan tun da wuri don wanda bai saba ba ya iya bina, saboda duk abin da ya same ni a cikin waɗannan haruffa yake.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son wasan ba. Ra'ayin malamansa ya riƙe, cewa babu alheri a shaɗaranji. Bai hana ni ba, amma ya taɓa ce mini, “Duk abin da zai sa ka ji kiran salla ka ce bari in ƙarasa, ba abokin tafiya ba ne.” Na ce to, Baba. A zuciyata kuwa cewa na yi bai san abin ba ne.

A jami'a babu mai ja da ni a ɗakin kwananmu, kuma da tarko ɗaya na cinye kusan kowa: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5. A nan kowa sai ya rama da doki, 5...Nxd5, ni kuma in jefa nawa dokin, 6.Nxf7. Sarkinsa ya ci, in tsare shi da 7.Qf3+, dole ya fito tsakiyar allo gidan e6 don ya kare dokinsa, daga nan sai duka. Ba wanda ya san cewa amsar ita ce 5...Na5, a kori giwar, a haƙura da soja ɗaya a sami saurin fito da manya, wato 'ya'yan da ba soja ba. Ni ma kaina ban sani ba sai bayan shekaru. Abin da na ɗauka daga waɗancan nasarori shi ne ces buɗi ne kawai, wato jerin takun da ake fara wasa da su, wanda ya fi haddace takun farko shi ne gwani. Mu kuma mutanen hadda ne, tun muna ƙanana aka horar da ƙwaƙwalwarmu a kanta. Sai na ga ai ga gonata.

Na zaɓi buɗin da ya fi kowanne suna, Sisiliyan na Najdorf: 1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6. Dalilina bai wuce cewa Fischer da Kasparov, tsofaffin zakarun duniya, sun buga shi ba. Na yi hoton shafuka sama da ɗari, na haddace reshen da ake ce wa soja mai guba, 6.Bg5 e6 7.f4 Qb6 8.Qd2 Qxb2, har taku na ashirin da ɗoriya. Ko cikin barci ka tashe ni zan karanto maka. Amma da ka tambaye ni me ya sa ake buga 5...a6, da sai dai in yi maka dariyar yaƙe.

Bayan hidimar ƙasa na sami aiki a wani shagon buga takardu. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma yana rufa asiri, kuma ni nake saya wa Umma maganin hawan jini. Da na ji za a yi wata babbar gasa a Legas, sai na sayar da babur ɗina, na ƙara da rance daga hannun yayana, na ce masa da kuɗin kyauta zan biya. Da gaske nake lokacin da na faɗa. Zagaye tara ne, tsarin da ake haɗa mai maki da mai maki irin nasa, kowa minti 90 a agogo da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku. Ɗan da ka taɓa shi za ka buga, waya ba ta shiga zaure, kuma dole ka rubuta kowane taku a takarda.

Zagayen farko ina da baƙi. Wani mutum mai furfura ya buga 1.e4, na buga c5 ina jin kaina, sai ya tura 2.c3. Shi ke nan. Babu wannan a shafukana. Buɗin Alapin ne, kowane ɗan kulob ya san shi, amsarsa kuma 2...d5 ko 2...Nf6, wato ka taɓa tsakiyar tun kafin ya gina ta. Ni kuwa na zauna minti 25 ina kallon allo, sannan na ci gaba da karanto haddata kamar ba abin da ya canza: 2...d6 3.d4 cxd4 4.cxd4 Nf6 5.Nc3 a6. A Najdorf, a6 tana da aiki. Tana hana doki ko giwa sauka a b5, don ka sami damar tura e5 ka kori dokin da ke d4. A nan babu doki a d4, soja ne, kuma ga ɗan'uwansa a e4. Na ba shi tsakiyar allo kyauta, na ɓata taku a gefe. Bai yi wata dabara ba. Ya fito da manyansa, ya shigar da sarki, ya tura e5 a lokacin da ya dace, na rasa inda zan sa dokina. Kafin taku na talatin na miƙa hannu.

Na sake faɗuwa a zagaye na biyu. A daren nan na yi abin da ya fi komai wauta: na yanke shawarar canza buɗina na fari daga 1.e4 zuwa 1.d4, na kwana ina karatu a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe wani yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba ya zauna gabana: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5. Na duba na ga dokinsa na f6 a ɗaure yake, in ya motsa sarauniyarsa ta tafi, sojan d5 kuma ba mai tsaronsa. Na ci, 6.Nxd5. Yaron ko ɗago kai bai yi ba, ya ci dokina, 6...Nxd5. Na ɗauke sarauniyarsa, 7.Bxd8, hannuna har rawa yake don murna. Sai 7...Bb4+. Na nemi inda sarkina zai gudu, babu. Abin da zan tare da shi ɗaya ne, sarauniyata. 8.Qd2 Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8. Aka ƙirga, ya fi ni babban ɗa guda, ni na fi shi soja. Taku tara, minti goma sha biyu. Tarkon ya fi shekara ɗari a duniya, yana cikin kowane littafin masu koyo, ni da na haddace taku ashirin ban san shi ba.

Da maki biyu da rabi na gama, ɗaya daga ciki ma abokin wasan ne bai zo ba. A motar dawowa ban ci komai ba tun daga Legas har muka wuce Kaduna. Ba kuɗin ne suka fi cina ba, ko da yake suna cina. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, shekara takwas ina ganin kaina wani abu, ashe a ɗakin kwanan ɗalibai kawai nake sarki.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na koma wasan gaggawa a intanet, na minti uku, na minti ɗaya, wai ina neman in tabbatar wa kaina cewa na iya. In na faɗi sai in ce bari in rama, in na ci sai in ce bari in ƙara. Akwai daren da na buga sama da wasa sittin. Kiran assalatu ya sha samuna da waya a hannu, ido jawur, kuma maganar Baba tana dawo mini kalma bayan kalma, amma ban ajiye ba. Na fara makara a shago, na fara ɓata wa mutane takardu. Mai shagon ya yi mini magana sau uku, a na huɗu ya sallame ni, kuma gaskiyarsa ce. Yayana bai taɓa tambayata kuɗinsa ba, wannan shirun nasa ya fi zagi zafi. Wata takwas na yi a haka. Na daina zuwa majalisa, na daina ɗaga waya. Ranar da Umma ta aiki ƙanwata ta sayo rabin katin magani don kuɗin cikakke bai samu ba, ina ɗaki ina ji, ban fito ba.

Hatsari ne ya tsayar da ni. Na hau acaba zuwa neman wani aiki, mota ta buge mu, ƙafata ta dama ta karye wuri biyu, wayar ta farfashe. Wata biyar ina kwance. A sati na uku tsohon malamin nan nawa ya zo duba ni, ya yi ritaya a lokacin. Ya ce in ba shi takardun wasannin Legas. Na ce, “Malam, ai na yar.” Ya ce ƙarya nake, ba mai yar da su. Suna cikin aljihun jaka kuwa. Ya duba su shiru, sannan ya ce, “Kai ɗan nan, ka san farkon hanya tara, ba ka san inda ko ɗaya take zuwa ba.” Washegari ya aiko da allonsa, da wani tsohon littafi mai ɗauke da wasannin gasar Zurich ta 1953, da littafin rubutu mai shafi tamanin.

Abin da zan bayyana yanzu shi ne yadda na yi karatun, don shi ne abin da nake da shi na bayarwa.

Gasar Zurich ta haɗa manyan 'yan wasa 15, kowa ya kara da kowa sau biyu, wasa 210 ke nan, Smyslov ya zo na ɗaya. Amfanin karanta gasa guda daga farko zuwa ƙarshe shi ne za ka ga buɗi ɗaya yana dawowa a hannun mutane daban-daban, wani ya gwada abu ya faɗi, bayan zagaye biyu wani ya gyara. Tarin zaɓaɓɓun wasanni ba ya ba ka wannan, don nasarori masu ƙyalli kawai yake nuna maka. Wasa ɗaya nake ɗauka a rana, a kan allo na gaske, da hannuna nake motsa 'ya'yan. Takun farko takwas ko goma ina buga su ne a hankali, a kowanne in faɗa da bakina abin da yake yi: wannan ya buɗe wa giwa hanya, wannan ya tsare e4. In na kasa faɗa, sai in sa alamar tambaya a littafina. Daga nan sai in rufe sauran takun da kwali, in zauna a gefen wanda ya ci wasan, in rubuta takun da ni zan buga kafin in zame kwalin. Rubutawar dole ce. In ba ka rubuta ba, da ka ga takun gwanin za ka ce ai shi nake tunani, alhali ƙarya kake yi wa kanka. Wasa ɗaya yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A satin farko, cikin taku talatin ina dacewa da bakwai ko takwas. Ba yawan dacewar ne abin kallo ba. Inda nawa ya saɓa da nasa, nan nake tsayawa in tambayi kaina me ya gani da ban gani ba, in rubuta amsar da Hausa, jimla ɗaya ko biyu.

A wata na biyu na gane abin da Malam yake nufi. Buɗi yana ƙarewa, amma jerin sojojin da ya bari yana nan har ƙarshen wasa, kuma shi yake gaya wa kowane ɓangare abin da zai yi. Soja ba ya komawa baya, saboda haka jerinsu kamar harsashin gini ne, a kansa ake ɗora komai. Misalin da ya buɗe mini ido ya fito ne daga buɗin da yaron nan ya kayar da ni a cikinsa. Bayan 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.cxd5 exd5 5.Bg5 c6 6.e3 Be7 7.Bd3 Nbd7 8.Qc2 O-O 9.Nf3 Re8 10.O-O Nf8, ana samun jerin da ake kira Karlsbad, sunan garin da aka yi wata gasa a 1923. A ɓangaren sarauniya mai fari yana da soja biyu, a da b, mai baƙi yana da uku, a da b da c. Hankali zai ce mai uku ne zai kai hari a can. Akasin haka ne. Mai fari yana buga Rab1, wato ruk na layin a ya koma b1, ya tura b4, in an tare shi da a6 ya ƙara a4, sannan b5. In ya ci a c6 aka rama da sojan b, to an bar soja a c6 wanda babu ɗan'uwan da zai tsare shi, ga layin c a buɗe ga rukokin fari, ga gidan c5 na jiran doki. In kuma mai baƙi ne ya ci a b5, sojansa na d5 ya zama maraya, babu sojan da zai iya kare shi. Ko ta ina aka bi sai bango ya tsage. Mai baƙi shi ma ba zama zai yi ba: dokinsa yana neman e4, ɗayan ya bi ta f8 zuwa g6, ya tara manya a kan sarkin fari, don mai fari ya kwashe nasa zuwa wancan gefen. Akwai kuma hanya ta biyu ga mai fari, ya sa doki a e2 maimakon f3, ya tura f3 sannan e4 ya fasa tsakiya. Botvinnik ya nuna ta a kan Keres a Mosko a 1952, wasan da ya kamata duk mai buga wannan buɗi ya bi da hannunsa.

Kuskuren da aka fi yi a wannan tsari, ni ma na yi shi ba sau ɗaya ba, shi ne tura b5 da wuri. In mai baƙi zai iya amsawa da c5 ba tare da ya yi asara ba, harin ya tashi a banza. Kafin ka tura, ka tabbata ka riƙe gidan c5, da doki a a4 ko ruk a c1. Na biyu shi ne barin gidan c4: da ka tura b4, babu sojan da zai sake korar dokin da ya sauka a can, don haka ka lura da dokin baƙi mai bi ta b6 ko d6.

Wannan shafi ɗaya ne a littafina. A sama na zana jerin sojojin kawai, babu manya. A ƙasa shirin fari, shirin baƙi, wane ɗa ne ya kamata a musanya, wane ne za a riƙe, sai sunayen wasanni biyar da na bi. Tarkuna suna can ƙasa da jan biro. A wata biyar na cika shafi goma sha ɗaya irin wannan, kuma sun fi mini shafuka ɗarin da na haddace.

Daga nan na rage kayana. Da fari 1.d4. Da baƙi, in an buga 1.d4 ina amsawa da d5 da e6, in an buga 1.e4 ina buga Karo-Kan, 1...c6 sannan d5. Na zaɓe su ne don 'yan gida ɗaya ne. In mai fari ya musanya a Karo-Kan, 2.d4 d5 3.exd5 cxd5 4.Bd3, jerin Karlsbad ne ya dawo, sai dai yanzu ni mai baƙi nake da soja biyu a kan uku, ni zan tura b5 da b4. Karatu ɗaya, aiki uku. Ba na wuce taku goma a hadda, kuma ba na haddace takun da ba zan iya bayyana shi ga yaro ba. Najdorf ba shi da laifi, amma buɗi ne na wanda ces ne aikinsa, kuma a ƙananan gasanni da yawa ba za su bari ka kai gare shi ba, za su kauce tun a taku na biyu ko na uku. Shi kansa Fischer, da ya fi kowa sanin soja mai guba a zamaninsa, a cikinsa Spassky ya doke shi a wasa na 11 na karawarsu ta 1972 a Reykjavik, da wani takun mayar da doki gida, 14.Nb1. Kafin nan, a wasa na 6 na wannan karawa, Fischer ya bar 1.e4 da aka san shi da ita, ya fara da 1.c4, ya ci wasan da har Spassky ya tafa masa. Wanda ya fahimci tsari yana iya canza ƙofa. Ni a Legas ƙofar kawai na canza.

Kada a ɗauka ina cewa jerin taku ba shi da muhimmanci. A Karo-Kan akwai reshen 2.d4 d5 3.Nc3 dxe4 4.Nxe4 Nd7. In mai fari ya buga 5.Qe2 kai kuma ka fito da doki 5...Ngf6 ba tare da ka duba ba, 6.Nd6 ta kashe sarkinka nan take, don sojan e7 a ɗaure yake. A wannan reshe ne Kasparov ya faɗi a wasan ƙarshe da kwamfutar Deep Blue a 1997: bayan 5.Ng5 Ngf6 6.Bd3 e6 7.N1f3 ya buga h6, alhali abin da aka saba shi ne a fara da Bd6. Kwamfutar ta jefa doki a e6, sarkinsa ya maƙale a tsakiya, wasan ya ƙare a taku 19. Bambancin shi ne in giwa ta bar f8, sarki yana da wurin fakewa. Wanda ya san wannan dalili ba zai juya jerin ba ko ya manta haddarsa.

Da na sami wata tsohuwar waya, Malam ya kafa mini sharaɗi a kan inji, wato manhajar da take nazarin wasa: shi ne na ƙarshe. Lichess, shafin ces na intanet, kyauta ne, akwai injin Stockfish a ciki, akwai rumbun wasannin manya inda za ka ga abin da aka fi bugawa a kowane matsayi. Amma in ka kunna inji kafin ka yi naka tunanin, kallo kawai kake yi. Sai na gama rubuta ra'ayina nake dubawa. Lambar da yake nunawa ma, wadda take auna wanda ya fi rinjaye a allo, sai an san karatunta. In ya ce +0.3, a matakinmu wannan ba komai ba ne, kada ka canza buɗinka saboda ita. In lambar ta yi tsalle daga 0.2 zuwa 2, nan ne aka yi ɓarna, nan za ka tsaya. A rumbun kuma kada ka ruɗu da takun da aka ce yana cin kashi saba'in cikin ɗari alhali sau goma kacal aka buga shi.

Wasannina na kaina su ne suka fi wuyar dubawa. Wata uku ina kewaye takardun Legas kafin in iya buga su a allo. Ga kowanne ina neman abu uku: takun da sanina ya ƙare, takun da na fara rasa abin yi, da takun da wasan ya mutu. Kusan kullum na biyun ne mai laifi, na ukun sakamako ne kawai. Tun daga lokacin nake rubuta mintunan da suka rage a gefen kowane taku biyar. Da haka na gano cewa ina ƙone rabin lokacina tsakanin taku na 10 da na 16, daidai inda hadda take ƙarewa, sannan in yi sauran wasan a guje. Na kuma ware kwana biyu a mako don ƙarshen wasa, musamman na ruk, domin harin Karlsbad can yake kai mutum. In kana kare kanka da ruk a kan ruk da soja, sarkinka yana gaban sojan, ka ajiye ruk a layi na uku daga gefenka har sai sojan ya tako shi, sannan ka koma can baya ka yi ta tsare sarkinsa. Wannan kaɗai ya mayar mini da wasanni da dama canjaras.

Baba ya rasu ina kan sanda. A watanninsa na ƙarshe yakan leƙo ɗakin ya same ni da allo da biro. Bai ce komai a kan wasan ba. Abin da na lura shi ne in aka kira salla yana tsayawa a bakin ƙofa ya ga ko zan rufe littafin. Ina rufewa. Ban sani ba ko ya canza ra'ayi, ban kuma tambaye shi ba.

Na sami aikin koyar da lissafi a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Kuɗin yayana na biya su a wata goma sha huɗu. Sai bayan shekara uku na sake shiga gasa, a Abuja, da kuɗin da na tara don ita, kuma na gaya wa matata tun daga gida cewa ba kyauta zan ciyo ba. Na sami maki biyar da rabi cikin tara. A zagaye na shida na tura b5 a taku na 17, sojan c6 ya faɗi a na 34, na ci a ƙarshen ruk bayan awa huɗu. A na takwas wani ya bar ni da maraya a d5 ta wata hanyar da ban taɓa nazari ba, ya matse ni har na miƙa hannu. Wasan gaggawa kuwa na cire shi daga wayata, don na gwada komawa sau biyu na ga har yanzu ba ni da linzaminsa.

Ranar Asabar bayan la'asar yara tara suke zuwa zaurenmu, allo huɗu muke da su, ɗaya an maye sojan da ya ɓata da murfin kwalba. Wasan farko da nake sa kowane yaro ya bi shi ne wanda Morphy ya buga a gidan wasan opera na Paris a 1858, taku 17 kacal, inda kowane ɗa ya fito da aikinsa. Satin da ya wuce wata yarinya 'yar shekara goma ta tsayar da ni a taku na takwas, ta ce, “Malam, me ya sa bai ci sojan b7 ba, ga shi a banza?” Na ce ta rubuta abin da take gani zai biyo baya, ta kawo mini Asabar mai zuwa. Ƙafar tana yi mini ciwo in hunturu ya shigo, don haka a kan tabarma nake zama, ita kuma ta ja allon zuwa gabanta ta fara da 8.Qxb7 Qb4+.